Idon Dama na Tanko

Duk tashar Kawo babu wanda bakin Nazifi bai taɓa ba. Gayen nan zai iya sayar wa direba tayar da ya kwance daga motarsa, har direban ya yi masa godiya. Shi ya sa da kamfanin Zakara TV suka fara haska dambe a waya, ka biya su turo maka lamba ka buɗe ka kalla, shi suka ɗauka ya riƙa tallar lambobin.

"Oga Idi, kai da ko akuya ba ka iya kayarwa, zo ka sayi lamba ka ga maza! Asabar bayan la'asar, Tanko Dogon Kanawa da Balarabe Guduma. Wanda bai biya ba sai dai ya ji a teburin mai shayi!"

"Don dai Tanko mijin yayarka ne kake zuzuta shi," in ji Idi direba, yana lalubo wayarsa.

"To da mijin yayarka zan zuzuta?"

Ranar Laraba kamfani suka aike shi Unguwar Kanawa ya ɗauko ɗan bidiyon Tanko yana cika baki, a saka a talla. Ya same shi zaune a tabarma.

"Ango na Harira! Tashi ka zare ido, ka ce za ka ci Guduma ɗanye."

Tanko ya yi murmushi. Harira, yayar Nazifi, ta ajiye masa kofin kunu a damansa. Ya miƙa hannu, hannun ya wuce ta gefen kofin. Ya sake miƙawa, ya ture shi. Kunu ya malale a tabarma.

Harira ta ja ƙaninta zaure.

"Tun damben Zariya idon nan na dama ba ya gani. Ko kaɗan. Likita ya ce idan aka sake dukan wurin, ba idon kawai zai tafi ba."

"To ai sai ya ce ba yau ba, Yaya. Ba haka ake yi ba?"

Haka ake yi, tun kaka da kakanni. Ɗan dambe ya miƙo maka hannu a fili, in jikinka bai ba ka ba, ka girgiza kai ka koma cikin mutanenka ka zauna. Babu mai zaginka, gobe ma rana ce.

"Wannan a gidan dambe ne," in ji Harira. "Yanzu ya ce hotonsa na jikin kowace Keke Napep, mutane sun biya tun daga Legas har Agadas. Ya ce da wane baki zai fasa? Kai ka san mutanen nan, Nazifi. Ka roƙe su su ɗaga."

Nazifi ya buga ƙirji. Roƙo? Ai shi ne sana'arsa.

Ofishin kamfanin wani gida ne a Malali, sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa. Oga Ahmad, mai kula da talla, ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba. Mutum ne mai laushin murya, ba ya faɗa, ba ya dariya.

"Subhanallahi. Bawan Allah. Kuma a haka yake son ya shiga?"

"Wallahi Oga, taurin kai gare shi kamar jakin Kano. Ku ne kawai za ku iya hana shi."

"Gaskiya ne. Wane idon ka ce?"

"Na dama."

"Na dama," Oga Ahmad ya maimaita a hankali. "Ka yi daidai da ka zo. Je ka, za mu duba."

Nazifi ya fito yana fito da baki, har ya tsokani mai gadi. Ya kira Harira ya ce ta kwantar da hankalinta, ƙaninta ya gama magana.

Washegari yana cin waina a tasha, wayar Idi ta fara ruri. Sabuwar talla ce. Ga fuskar Tanko cike da allon, an rufe rabinta da baƙi, ganga na dukan ciki, wata ƙatuwar murya na cewa: "Ido ɗaya! Rai ɗaya! Dogon Kanawa ya rantse zai shiga. Zai fito da ƙafarsa? Sayi lambarka kafin Asabar!"

Nazifi ya tsaya da waina a baki. Kafin ya haɗiye, direbobi da kwandastoci sun zagaye shi.

"Nazifi, ba ni lamba biyu!"

"Da gaske ne ba ya gani? Kai, wannan ba na bari ba ne!"

Ya kira Oga Ahmad, waya na ta ringin, ba a ɗauka. Ya ruga Unguwar Kanawa. Harira ta buɗe ƙofa, ta dube shi, ta koma ciki. Tanko na tsakar gida yana gyara zaren da yake naɗe hannu da shi.

"Yaya Tanko, don girman Allah ka fasa."

"Jiya da zan iya," in ji Tanko, bai ɗago ba. "Yau duk duniya ta ji. In na zauna, har 'ya'yana za a riƙa nunawa."

Asabar fili ya cika, kyamarori ta ko'ina, har da mai tashi sama tana ƙugi kamar zirnaƙo. Makaɗa suka saki taken Tanko, jikinsa ya ɗauki tsuma, ya fito yana kirari, kansa a ɗan karkace don ya ga gabansa. Nazifi na bakin igiya yana kallo.

Sai ga Guduma ya fito daga ɗaya ɓangaren, ba gaggawa. Duk wanda ya san dambe ya san da dama yake kisa, tun yana yaro. Nazifi ya dubi hannun damansa, babu komai. Zaren yana hannun hagu, hannun da ke saitin idon daman Tanko, sabo fil, an naɗe shi tam.

Alƙalin wasa ya busa usur. Guduma ya fara takawa a hankali zuwa daman Tanko, Tanko na juya kai yana neman sa.