Gayyar Rijiyar Kaltumi

Kwazazzabon gabashin Kalfu ya riga ya cinye gonaki biyu, bana kuma ya zuba wa rijiyar Kaltumi ido. Marigayi mijinta, Yunusu, shi ya haƙa ta, da ruwanta take bayin albasa. In damina ta sake faɗuwa a haka, rijiya ta tafi ke nan.

Faisal, wani malamin lakkwal, wato makarantar boko, daga Tawa, shi ya tsaya wa maganar. Magajin gari ya ba da kamiyo, babbar motar jidar duwatsu, wani ɗan kasuwa ya ba da ragar waya, 'yan kabu-kabu da ɗalibai suka ce ƙarfinsu kyauta ne. Suka iso da sassafe, suka kama jera dutse cikin ragar don tare kwazazzabon. Mazan gari kuwa suka shimfiɗa tabarmi a inuwa, suna kallo kamar ana kokawa. Da rana ta take, baƙin suka fito da burodi da sardin, suka ci abinsu.

Abin ya sosa wa Faisal rai. Ya sami Kaltumi ya ce, "Inna, mutanenku ba su son taimako ne?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ɗana, wa ka gayyata? Sun ga kamiyo, sunka ce aikin gwamnati na. Kuma kun taho da abincinku, sai ka ce garin babu mata. Wannan ai zagi na."

Da yamma ta bi gida-gida da goro, tana cewa gobe gayyarta ce. Ta buɗe rumbu, maƙwabta suka taya ta daka. Washegari Talle makaɗi ya goce da kiɗa, sai ga masu tabarmin jiya da duwatsu a ka, kowa na neman a kira sunan kakansa. Attahir makiyayi ya kawo jakunansa da nono. Faisal ya sha fura har ya kasa sunkuyawa, ragowar burodin kuwa awaki suka samu.

Da aka yi ruwan farko, Kaltumi ta nufi wurin rijiyar. Ta tarar ruwa ya zube yashinsa a bayan duwatsu, ya wuce salin-alin. Daɗi ya kama ta. Ta zura guga, ta jawo, ta kurɓa.

"Yunusu," ta ce, "rijiyarka tana nan."