Takarda ta Ashirin da Uku

Takardun izinin iyaye ashirin da biyu ne suka dawo wa Corinne Vasko da sa hannu. Ta ashirin da uku, ta mahaifiyar Joelle, shiru kake ji.

Corinne na shekarar ƙarshe a karatun malanta, binciken kammalawarta kuma a kan yadda 'yan aji biyu ke karatu bibbiyu ne. Dokar jami'a a fili take: yaron da iyayensa ba su sa hannu ba, ba ya shiga bincike. Sai dai a cikin hotunan da ta ɗauka a ajin, wanda ya fi kowanne kyau, Joelle ce a tsakiyarsa, sanye da koriyar rigar sanyi mai zanen dila a ƙirji. Corinne ta yi abin da ta ga na gabanta suna yi, ta manna tauraro a kan fuskar yarinyar, ta ce ai mantuwa ce irin ta iyaye. Mai neman yabo ina ya ga lokacin tambaya?

Aka yaba aikin kuwa. Sashensu ya ɗora shi a intanet, ga sunan makarantar yaran ɓaro-ɓaro a ƙasa.

Ranar Litinin ta shigo aji da fara'arta, ta tarar da Misis Lindqvist, malamar da take koyon aiki a hannunta, tsaye a bakin taga.

"Corinne, rufe ƙofar. Wa ya ce ki sa Joelle?"

"Ai na rufe fuskarta, Misis Lindqvist."

"Fuska! Rigar fa? Kakarta ta wajen uba ce ta saƙa ta da hannunta." "Ba mantuwa uwar ta yi ba. Shekara biyu ke nan suna ɓuya daga uban yarinyar, gari uku suka canza. Ranar Juma'a wani ya kira ofis yana tambayar ƙarfe nawa 'yan aji biyu ke isowa."

Corinne ta ce, "Yanzu zan sa a cire."

"Kwana shida yana can. Na kira uwar, ba ta ɗauka. Na kira 'yan sanda, sun ce suna hanya."

Corinne ta matso taga. A ƙetaren titi wata farar mota a-kori-kura na tsaye, injinta a kunne, wani mutum na zaune a ciki bai fito ba. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Motar makaranta ta tsaya, ƙofa ta buɗe. Ta uku a masu saukowa Joelle ce, tana tsalle, sanye da koriyar rigar.