Sunan da Inna Hamsatu Ba Ta Faɗi

Ranar kasuwar Bagudo Haliru ya iso da hantsi, kamar yadda ya saba idan ya tsallako iyaka daga Madekali da buhunan albasa. Bashira na kan keken ɗinkinta a bakin shago lokacin da ya sauka daga kabu-kabu. Tun daga yadda ya amsa gaisuwa ta gane akwai magana a bakin yayan nata.

Ya zauna a benci, ya sha ruwa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya gama ya ce, "Bashira, abin nan da Sufyan ya ɗora cikin waya, na dangi. Ki ce mishi ya fidda sunana, da ni da ɗiyana."

Bashira ta ɗauke ƙafarta daga kan keke.

Sufyan ɗan wanta Bunyaminu ne. A Kaduna ya tashi, yanzu kuma yana aikin jinya a wani tsibiri mai suna Luwis, can arewacin Sikotland. Ya ce tsofaffin da yake kula da su ba su da hirar da ta wuce wane ɗan wane, jikan wane, kai ka ce maƙwabtansu mutanen Illo ne. Wata tsohuwa daga cikinsu ta nuna masa shafin intanet da ake zana bishiyar zuri'a, kowane ɗan dangi ya shiga ya ƙara reshensa. Abin ya burge shi, ya dasa tasu. Kafin damina ta fita, dangin Kwatano da na Yamai da na Sakkwato duk sun shiga.

Da zai rubuta 'ya'yan kakarsa, Inna Hamsatu, sai ya buga mata waya ya ce ta lissafa masa su, ya naɗi muryarta, ya ɗora a shafin. Ta fara daga Bunyaminu, ta bi su har zuwa Bashira, auta. Haliru ba ta ambace shi ba, don shi ne ɗan fari, kuma tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Kunyar ɗan fari ke nan, kowa a gidan ya sani. Ana yaye shi mahaifiyarta, Kaka Atika, ta ɗauke shi zuwa Madekali, ta cikin Benin, can ya girma, can ya yi aure. Shi ma Adda yake kiran Inna, yadda ake kiran babbar ya. Sufyan ya haɗa wannan da wancan, ya rataya Haliru a ƙarƙashin Kaka Atika, ya zama ƙanen uwarsa.

"Yaya, ai na gyara shi," in ji Bashira. "Da hannuna."

"Kin gyara, anka mayar."

Gaskiya ne. Duk lokacin da ta gyara, wani daga dangin nesa sai ya mayar, ya rubuta a ƙasa cewa a saurari muryar tsohuwa da kanta. Wasu ma sun riga sun kwafe reshen zuwa nasu shafukan, kuskuren ya yi 'ya'ya.

Haliru ya juya hularsa a kan gwiwa. "Ni ban damu ba. Na kusa sittin, mi zan yi da waya? Amma ɗiyata Hussaina ta zo ta tambaye ni, wai Baba, ashe Innar Bagudo ba kakata ba ce? Dangin mijin da za ta aura sunka gani. Na ce mata kakarki ce. Ta ce to don mi ba ta ƙidaya ka ba?" Ya yi ɗan murmushi. "Na buɗe baki in ba ta amsa, sai na ji ni ma ban da ita. Na san al'ada, Bashira. Amma sanin al'ada daban, jin muryar uwarka tana ƙidaya ɗiyanta ba kai ciki daban. Gara a fidda ni, a huta."

Bashira ba ta yi masa musu ba. Ta ce ya je ya sayar da albasarsa, su haɗu a gida bayan la'asar. Da ya tafi ta kira Sufyan.

"Gwaggo, wallahi ban sani ba," ya ce, muryarsa na yankewa tana dawowa. "Baba Haliru nake ce masa tun ina yaro, ban taɓa tambayar ta ina ba. Yanzu ko na gyara, mutanen Kwatano za su mayar. In na cire muryar kuma su ce na ɓoye wani abu. A nan ma haka suke fama, rabin ƙauye suna ɗaya, kowa ya kwafi kuskuren wani. Abin da ke kashe gardama shi ne wanda ya faɗa ya sake faɗa."

"Kana nufin Inna ta kira sunansa? Ka san Inna kuwa?"

"Ko ba suna ba, Gwaggo. Ta dai faɗi wani abu."

Da azahar ta rufe shago ta nufi gida. Ta tarar da Inna Hamsatu a inuwar rumfa tana tsince shinkafa a faifai, gilashinta ɗaure da zare a bayan kunne. Bashira ta zauna, ta jawo wani faifan, suka yi ta tsinta. Ba ta yi gaggawa ba. Ta ba ta labarin wata mai ɗinki da ta kawo yadin da bai kai riga ba tana son riga da zane. Sannan a hankali ta kawo maganar, tun daga wayar Sufyan har zuwa tambayar Hussaina.

Inna ba ta ɗago ba. "Wanga yaro na Bunyaminu, shi da ba ya iya bambanta gero da maiwa, shi za ya shirya mini zuri'a?"

"Ke kika lissafa masa, Inna."

"Ya tambaye ni, na faɗi waɗanda ake faɗi."

"To, mutumin Madekali ya ce a cire shi. Da shi da 'ya'yansa."

Hannun tsohuwar ya tsaya a cikin shinkafar. Wata kaza ta matso ta saci ƙwaya daga gefen faifai, ba wanda ya kore ta.

"Shi ya ce?"

"Da bakinsa, yau da safe."

Bashira ta ci gaba da tsintarta, ba ta dubi uwar ba, don ta san ido ma yana ƙara wa mai kunya nauyi.

"Kunna abin naki," in ji Inna. "Amma ki juya mini baya."

Bashira ta kunna naɗin murya, ta ajiye wayar a kan tabarma, ta juya tana kallon bangon kicin.

"Kai Sufyan, mijin banza, wanda ya tafi ƙasar sanyi ya bar ni ba cefane," Inna ta fara, muryarta da ƙarfi kamar tana kiran mutum a tsallaken kogin Kwara. "Ka saurara. Uwata Atika ba ta haifi namiji ba, mata uku gare ta, ni ce babba. Wanda ka rataya mata, ka sauke shi. Ni na yi naƙudarsa, ni na yi wankan jegonsa. Ka sa shi gaban ubanka, don ya riga shi ganin duniya. Mutanen Kwatano kuma su iya bakinsu, ba su nan ranar."

Bashira ta kai hannu za ta kashe, sai ta ji tsohuwar ta ci gaba, wannan karon ƙasa-ƙasa.

"Ranar da uwata taz zo ɗaukar shi, na ce ban da lafiya, na shige ɗaki. Da sunka fita na bi su ta bayan gonaki har bakin ruwa. Na laɓe cikin ciyawa ina kallo sunka shiga jirgi. Yana ta miƙo hannu baya, bai ma san inda nike ba. Na dawo gida anka ce ina kika je, na ce itace. Ba itace ko ɗaya hannuna." Ta yi tari kaɗan. "Ke, kashe."

Bashira ta kashe. Ta goge idonta da bakin mayafi kafin ta juyo.

"Zancen farkon ki aika ma mijin banza," in ji Inna, ta koma kan faifanta. "Na biyun ki goge."

"To, Inna."

"In wanda ya kamata ya ji ya ji."

Bayan la'asar Haliru ya yi sallama a zaure. Bashira ta fita ta same shi, ta miƙa masa wayar, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Ya kara a kunne. Da aka zo wurin mijin banza ya yi dariya. Daga nan fuskarsa ta natsu. Da muryar ta ƙare ya riƙe wayar a kunnen nasa, ya daɗe, har allon ya yi duhu.

"Akwai ciyawa wurin," ya ce. "Har yanzu akwai."

Ya nemi ta sake kunna masa ƙarshen. Ta kunna. Sannan ya miƙo mata, ya tsaya a kanta har ta yanke na farkon ta tura wa Sufyan, ta goge sauran a gabansa.

"Yaya, sunan fa? In ce a cire?"

"Bar shi inda tac ce."

Ya shiga cikin gida, ya durƙusa daga nesa, kusa da randa, inda yake durƙusawa kullum.

"Adda, ina wuni?"

Inna Hamsatu ta kawar da fuska wajen katanga, ta ce wa Bashira, "Baƙon nan ya kwaso rana. Ki dama mishi fura, ki sa nono da yawa. Kuma kada ya kama hanya yau, hadari na haɗowa."

Bashira ta ɗaga kai. Sama tas take, ko ɗigon gajimare babu. Ta tafi ɗauko ƙwarya.