Hular Kwano Ce Mudu

Wata bakwai Martin da Kayode suka yi suna zana tafiyar nan a bayan wata tsohuwar kalanda. Kalandar na liƙe a bangon shagon Kayode da ke Sabon Gari, inda yake ɗinka wa masu babura kujeru. Martin kuwa makanikin tarakta ne a wata gona a Samaru, kuma da ƙyar ya samo hutun kwana ashirin da ɗaya. Ba ƙarin ko yini guda. Ogansa ya faɗa masa haka har sau biyu.

Babura biyu, ƙasashe huɗu. Daga Zariya su gangara Bida, su haye gadar Jebba, su kwana Ilori. Su shiga ƙasar Benin ta Chikanda, su bi Paraku zuwa Dassa, su faɗa Togo. A nan ne jan biro ya yi da'ira mai kauri: kwana uku cikin duwatsun Kpalime, a hanyar da ke naɗe dutse kamar rawani, har su tsallaka Ghana su tsaya ƙarƙashin ruwan Wli mai zubowa daga ƙolin dutse. Martin ya kalli bidiyon ruwan nan a waya har ya haddace shi. Don kwana ukun nan ya haɗa tafiyar gaba ɗaya. Kwana biyun Accra, da bakin teku, da hanyar dawowa, duk 'yan rakiya ne.

Sun yi allurar shawara, sun karɓi kati. Fasfo ya fito. Martin ya kwance injinan biyu ya ɗaura da hannunsa, ya sa sabbin tayoyi da sarƙa. Kayode ya ɗinka kujeru masu soso ninki biyu da jakunkunan tamfol na gefe. Saura kwana shida.

Sai Iya Kayode ta kai maganar coci.

Ranar Lahadi ta miƙe a gaban jama'a, ta ce a sa ɗanta da abokinsa cikin addu'a, za su zaga Benin da Togo da Ghana a kan babur. Aka yi addu'a, aka ce amin. Kafin a watse, kowa ya tuno yana da ɗan'uwa a can.

Litinin da yamma Martin ya taso daga aiki, ya ratso Kwangila yana fito, ya iso shagon. Bai sami inda zai sa ƙafa ba. Rabin buhun wake. Jarkar man gyaɗa. Ƙullin kilishi, ƙullin barkono, turamen atamfa. Kowane kaya da suna a jikinsa.

"Mene ne wannan?"

"Saƙo ne, Injiniya," in ji Kayode, bai ko ɗago daga ɗinkinsa ba. "Kada ka kalle ni. Je ka kalli Iya."

Martin ya sunkuya yana karanta sunayen. Porto-Novo. Kwatano. Lome gida biyu, unguwa daban-daban. Aneho. Ya ɗaga wani ƙunshi, ya ji kamar dutsen niƙa.

"Wannan fa?"

"Kan keken ɗinki ne. Na Anti Ibukun, ƙanwar Iya."

"A babur?"

"Ta ce ai baburanmu manya ne."

Nauyin ma da sauƙi. Abin da ya fi damun Martin, ya san ba a miƙa saƙo daga ƙofa a juya. Sai an shiga, an gaisa, an ci, an nuno maka 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, sannan a rantse ba za ka tafi ba sai ka kwana. Kowane gida yini ne cur. Ya dubi kalanda. Gida biyar, yini biyar. Kwanakin da ba na gudu a kan kwalta ba, biyar ne kacal: biyun Accra da ukun dutse.

"Ka ce mata a'a."

"Ni? Iya?"

"Mahaifiyarka ce."

"Shi ya sa."

"Ragon namiji kawai," in ji Martin. Ya buga babur ya koma Samaru, bai yi fito ba ko sau ɗaya.

A tsakar gida ya tarar da Goggo Bibiana, yayar babansa, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Tana zaune a kan tabarma, gabanta ga ƙullin daddawa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da tiya shida na dawa. Ɗanta Nelson yana Kumasi, shekara shida bai zo gida ba.

Martin ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa tana murmushi, ta turo kayan da ƙafa.

"Goggo, Kumasi ba ta kan hanyarmu."

"Ba a Ghana take ba?"

"A Ghana take."

"To?"

"Ghana da faɗi, Goggo. Yini guda zuwa, yini guda dawowa."

Ta gyara bakin ƙullin kuka. "Ba kayan ne damuwata ba, Martin. Ka gano mini shi da idonka. Kullum ya ce lafiya lau. Waya ba ta nuna rama."

"To, Goggo."

Kalmar ta fita tun kafin ya yi shawara da ita.

Washegari da ya faɗa wa Kayode, sai da Kayode ya bar keken ɗinki ya zauna a kan buhun wake don dariya.

"Ina jarumin jiya? Ina mai cewa a'a? Kai, ɗan Samaru! Ni Lome aka aike ni, kai har Kumasi!"

"Ya isa."

"Bai isa ba. Yini bakwai ke nan yanzu." Kayode ya share hawaye, ya ɗauki jan biro ya nufi kalanda. "Mu haƙura kawai. Mu ratsa dutsen da rana mu wuce. In dutse kake so, ga Kufena nan, kyauta."

Martin ya kama hannunsa. "Ba a taɓa nan."

"To a taɓa ina?"

Martin ya daɗe yana kallon da'irar. Can ya zaro waya ya kira Nelson, ya sa muryar a fili.

"Yaya Nelson, Goggo ta ba ni saƙonka. Amma ba zan iso Kumasi ba."

"Haba ƙane! Ka shigo Ghana ka ƙi zuwa gidana?"

"Ka san ruwan Wli?"

"Ina dai ji ana faɗa."

"Shekara shida kana ƙasar, ba ka gan shi ba? Mu daga Zariya za mu riga ka?"

Nelson ya tuntsire da dariya. "Kai yaron nan ba ka da kunya. Yaushe za ku iso?"

"Ranar Asabar ta sama. Ka zo da gajeren wando, shiga za mu yi."

"Akwai daddawa a saƙon?"

"Akwai."

"To ko da ƙafa ne zan zo."

Martin ya kashe waya. Kayode ya zuba masa ido.

"Idan Kumasi za ta iya zuwa," in ji Martin, "Kwatano ma za ta iya. Tashi mu je wajen Iya."

Sun same ta a ƙofar gida a Muchia tana tsince shinkafa. Martin ya durƙusa har ƙasa, hular kwanonsa a hannu. Bai taɓa yi mata dogon zance ba, yau ma bai yi ba. Ya ce za su ba da yini guda a Lome, a gidan Anti Ibukun. Duk mai saƙo, daga Porto-Novo har Aneho, ya zo can ya karɓa, a gan shi, a ci abinci tare. Kaya kuwa, kowane gida abin da ya shiga hular nan. Abin da bai shiga ba, ba ya tafiya, don babur mai nauyin baya ba ya hawa dutse, kifewa yake yi.

"Kifewa?" in ji Iya Kayode. Ta dubi ɗanta. "Ba ka gaya mini ba."

"Ai ba ki tambaya ba, Iya."

"Rufe mini baki."

Ta karɓi hular, ta juya ta, ta ƙwanƙwasa, ta leƙa cikinta kamar mai sayen mudu a kasuwa.

"A shafe, ko da tozo?"

Martin ya haɗiye dariya. "Da tozo, Mama."

"To. Ku bar mini sauran."

Ranar Alhamis mata suka yi layi a ƙofar shagon, Iya Kayode na zaune a kan kujera da hular a cinyarta. Ashe ba a ba ta muƙami a yi wasa. Rabin buhun wake ya koma hula ɗaya, aka mayar wa mai shi sauran. Mai atamfa ta naɗe turmi uku kamar gammo ta danna da gwiwa, biyu suka shiga, na ukun ya ƙi.

"Ɗiyarki jiki uku gare ta?" in ji Iya. "Ɗauke. Na gaba!"

Maman Oluoma, mai jarkar man gyaɗa, ta ce ita ba a yi mata awo kamar mai roƙo. Ta ɗauki jarkarta ta wuce. Martin ya bi ta da gaisuwa, ba ta amsa ba. Abin ya tsaya masa a rai, amma bai kira ta ba.

Da aka zo kan keken ɗinki, Iya ta gwada shi a tsaye, ta gwada a kwance. Ta ce a kawo hular Kayode, tunda kansa ya fi girma, gadon ubansa ne. Ita ma ta ƙi ɗauka. Matan da ta kora da rabin kayansu suka tsaya suna kallo. Iya ta ja numfashi, ta ture shi gefe.

"Ibukun ta yi ta ɗinki da hannu. Na gaba!"

Goggo Bibiana ce ta ƙarshe. Ta bar dawa a gida da kanta. Ta juye daddawar tsirara a cikin hular, ta ɗora kuka da kuɓewa, ta danna da tafin hannu har ya yi tozo.

"Ka duba wuyansa," ta ce da Martin a hankali. "A nan yake fara ramewa."

"Zan duba, Goggo."

Da mata suka watse, saƙo duka ya shige jakunkuna biyu, har da sauran wuri. Kayode ya miƙa wa Martin jan biro. Martin ya soke yini ɗaya daga na Accra, ya rubuta Lome a gurbinsa. Da'irar duwatsu tana nan da kwana ukunta.

"Ɗaura kaya," ya ce. "Mu gwada su da nauyi."

Suka ɗaure jakunkuna, suka ja igiya, suka buga babura. Suka fice daga cunkoson Sabon Gari, suka wuce Hanwa, hanyar Samaru ta buɗe a gabansu. Martin ya murɗa. Babur ya amsa, bayansa bai yi rawa ba, gabansa bai ɗaga ba. Ya kwantar da shi a kwana, ya tashe shi, ya ƙara wuta. Bai san lokacin da ihu ya kuɓuce masa a cikin hular ba.

Kayode ya kamo shi, ya jero da shi, ya ɗaga gilashin hularsa.

"Injiniya! Me ke wari haka?"

"Daddawa!"

"Har Ghana za ka sha ta!"

"Na yarda!" in ji Martin, ya ba babur wuta ya wuce shi.