Ajiyar Inna Safara'u

Hansai na tsaye a kan kujerar roba, ta miƙa hannu har kafaɗa tana lalube a saman sif. Ba abin da yatsunta suka taɓo sai ƙura da wata tsohuwar fitila. Ta sake bi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Babu.

"Anti Hansai, ko in shigo in sauko miki da ita?"

Kabir ne daga bakin ƙofa, babban ɗan maƙwabciyarta Inna Safara'u, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Uwarsa ce ta aiko shi ya ce wa Hansai ta kawo mata ajiyarta tana son gani.

"Je ka, ka ce mata ina tafe bayan azahar," in ji Hansai. Da ƙyar ta sauko daga kujerar.

Ajiyar nan ba zinare ba ce, likkafani ne. Inna Safara'u ta fi shekara talatin tana suyar waina a ƙofar gidanta a Unguwar Shanu, da wainar ta je Makka shekara goma sha tara da suka wuce. Abokan tafiyarta suka dawo da haƙorin Makka da dardumai, ita kuwa ta dawo da yadi goma na farin alawayyo wanda ta tsoma a ruwan Zamzam da hannunta, ta shanya shi a ranar Makka ya bushe. Duk shekara takan fito da shi ya sha iska, 'ya'yanta mata kuma duk shekara sai sun yi kuka. Da ta gaji da koke-kokensu sai ta naɗe shi a tsohuwar atamfa, ta zuba kanumfari saboda ƙwari, ta sa a jakar bakko, ta shigo da shi gidan Hansai.

"Ke ba ki da saurin hawaye," ta ce mata a ranar. "Ke za ki yi min wanka, ke za ki sa min shi. Amana na ba ki."

Yanzu ga Inna kwance kwana tara, asibiti sun ce a mai da ita gida, ga saman sif wayam.

Hansai ba ta daɗe tana tunani ba ta gane inda ya tafi. Mako biyu da suka wuce kogin Kaduna ya cika ya batse, ya shiga gidajen Rafin Guza. Kwamitin agaji na masallacin unguwa ya tashi tsaye, Hansai kuwa ita ce shugabar ɓangaren mata. Falonta ya koma rumbu, jakar bakko a kan jakar bakko. Kowa a Unguwar Shanu ya san halinta a wannan aiki: duk jakar da aka kawo sai ta zazzage ta a gaban mai ita, in ta ga tsumma ta ɗaga shi sama ta ce, "Wannan ke za ki iya ɗaura shi ki fita?" Mata da yawa sun koma gida da kunya sun sake kawo na kirki. Amma ranar da ta hau kujerar nan ta sauko da jakunkunan tsofaffin zannuwanta guda huɗu, ko ɗaya ba ta buɗe ba. Me za ta buɗe? Ai ta san abin da ke ciki. Da hannunta ta jefa su a motar kwamiti.

Ta yafa mayafi, ta tari Keke Napep a bakin titi.

Mutanen da ruwa ya kora suna zaune a wata makarantar firamare da ke kan tudu. Zannuwa da katifu a shanye a kan katanga, taɓo har idon sawu, a gindin dalbejiya kuma babbar tukunyar kwamiti na kan wuta. Tukunyar ma ta Inna Safara'u ce. Ita ta fara wannan aiki tun kafin a san da wani kwamiti, wata shekara da ruwa ya yi ɓarna ta bar suyar waina ta yi mako tana dafa wa mutane shinkafa da wake. Ita ce kuma ta kafa dokoki biyun da Hansai ke ta nanatawa: kada ka bayar da abin da kai ba za ka sa ba, kuma abin da ya shiga motar agaji ba ya dawowa.

Shugaban kwamitin, Malam Ubaidullah, tsohon ma'aikacin gwamnati mai son dogon bayani, yana tsaye yana lura da rabon tabarmi.

"Malam, a cikin kayan mata ba a ga wani farin yadi ba? Naɗe a atamfa."

Fuskarsa ta washe. "Mai ƙamshin kanumfari? Hajiya Hansai, ai na so in tambaye ki wane bawan Allah ne ya sako shi. Kin tuna baiwar Allahn nan da katanga ta faɗa wa, Hajara mai kunu? Kwana biyu ta yi a asibiti ta cika. Iyalinta ko cokali ba su fita da shi ba. Muna shirin aikawa kasuwa, hadari ya haɗo, ana tsoron kabarin ya cika da ruwa, sai mata suka buɗe wata jaka suka ga likkafani sabo ful. Wallahi har da masu kabbara. Na ce wannan mai hangen nesa ne, ya san ambaliya ba tufafin masu rai kaɗai take ci ba."

Hansai ta nemi bencin 'yan makaranta ta zauna. Duk hanya tana shirya yadda za ta karya dokar Inna ta roƙi a dawo mata da yadin, ashe ma babu wanda za ta roƙa. Yana ƙarƙashin ƙasa tun kwana goma sha biyu.

"Ba hangen nesa ba ne, Malam," ta ce. "Sakacina ne. Na Inna Safara'u ne, na Makka."

Malam Ubaidullah ya buɗe baki, karon farko tun da ta san shi ya rasa bayani. "Innalillahi," kawai ya ce.

Wata matashiyar mata mai goyo da ke wankin kwanuka kusa da su ta tsame hannunta ta matso, ta durƙusa. Asma'u ce, 'yar marigayiya Hajara.

"Mama, na ji abin da kuke cewa. Ummata gajera ce, an samu ragowa kamar yadi ɗaya. Yana wurina, na ajiye don ƙamshinsa. Bari in ɗauko."

Hansai ta so ta ce ɗauko, har bakinta ya motsa. Sai ta girgiza kai. "Bar shi tukuna, 'yata. Mai shi tana da rai, sai na ji daga bakinta."

Daga nan ta wuce babbar kasuwa ta yanko yadi goma na alawayyo mafi kyau da ta samu. Da ta iso gidan Inna, Kabir ya tare ta a zaure, ta gaya masa komai a tsaye. Ya dafe kai, ya rage murya.

"Anti, akwai ragowar Zamzam a ɗakina. Mu yayyafa masa, a zuba kanumfari, a naɗe a wata atamfar. Idonta ya yi rauni, ba za ta gane ba. Don Allah kada a ɗaga mata hankali a wannan hali."

Maganar ta shige ta, don ita ma ta yi wannan tunanin a cikin Keke. Tsoro take ji, tsoro na gaske, ita da ba ta shakkar kowa a unguwar nan. Amma ta tuna ita ce za ta tsaya a kan gawar, ita ce za ta naɗa yadin, tana sane.

"Kabir, uwarka ta taɓa sayar maka da wainar jiya ta ce ta yau ce?"

Ta ɗaga labule ta shiga.

Inna Safara'u na kishingiɗe a kan filo biyu, ta rame har zobenta na azurfa ya koma babban yatsa. Idanun ne kawai ba su canza ba. Ta dubi ledar kasuwa da ke hannun Hansai, ta dubi Hansai.

"Wannan ba jakata ba ce."

Hansai ta durƙusa a gaban gadon ta faɗi komai, ba ta rage ba, ba ta ɗora wa kowa ba. Da ta gama, Inna ta juyar da fuska bango. Ana jiyo ƙarar injin markaɗe daga gidan baya. Hansai na ganin hawaye yana gangarowa ta gefen idon tsohuwar yana shiga kunnenta.

"Shekara goma sha tara," in ji Inna, ba ta juyo ba. "Na ji zafi, Hansai. Ba zan ɓoye miki ba."

"Ki yafe min, Inna."

"Ke da kike zazzage jakar kowa."

"Tawa ce ban zazzage ba."

Wani abu mai kama da dariya ya fito daga ƙirjin Inna ya koma tari. Hansai ta ɗago ta ta ba ta ruwa. Inna ta jima tana mai da numfashi kafin ta sake magana.

"Wa aka sa wa?"

"Wata Hajara, mai sayar da kunu a Rafin Guza. Katanga ce ta faɗa mata."

"Ya ishe ta? Ya rufe ta ko'ina?"

"Ya rufe ta, har da ragowa."

"An yi mata kallabi?"

"An yi mata, Inna."

Inna ta lumshe ido. "Mai kunu. Ka ga abokiyar sana'a, ita kunu ni waina, da mun haɗu da mun yi ciniki tare." Ta ƙara da cewa, "Ashe ni ma 'yar ajiya ce. Na ɗauko mata shi tun daga Makka, na yi ta shanya mata shi, ban ko san sunanta ba."

Nan Hansai, wadda aka zaɓa don ba ta da saurin hawaye, ta kifa kai a bakin gadon ta yi kuka sosai. Inna ta bar ta ta yi mai isarta.

"Akwai yadi ɗaya a wurin 'yarta," in ji Hansai tana share fuska. "Ta ce in karɓo miki."

"A'a. Ni na kafa dokar, ni zan fara karya ta ina kan hanya? Abin da ya shiga mota ya shiga. Miƙo na kasuwar in taɓa." Ta murza bakin yadin da yatsu biyu, irin murzar mai sayen atamfa. "Ba laifi. Ki wanke shi ya saki, ban son mai ƙarfi. Kuma wannan karon a ƙarƙashin filona zai kwana, na gama ba ki ajiya."

Kwana uku bayan nan, ranar Alhamis da hantsi, Inna Safara'u ta cika, Kabir na riƙe da hannunta. Kafin azahar layin ya cika da jama'a, har da motar kwamiti da ta kwaso mutanen makarantar Rafin Guza, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna cin abincin tukunyarta.

Hansai ta yi mata wanka kamar yadda ta yi alkawari, ita da babbar 'yar marigayiyar. Sun shimfiɗa yadin kasuwa, Hansai ta ɗauki almakashi za ta yanki kallabi, sai aka yi sallama a bakin labule. Asma'u ce, goyo a baya, taɓo a ƙafa, da ɗan ƙunshi a hannu.

"Mama, ga shi."

"'Yata, ai ta hana. Ta ce abin da aka bayar ba ya dawowa."

"Ba dawo da shi na yi ba," in ji Asma'u, ba ta ɗauke hannunta ba. "An ba mu, ya zama namu. Ruwa bai bar min komai ba sai wannan, ni kuma na ba ta. Ta suturta min uwa, Mama. Ko mu ba a karɓar sadakarmu?"

Hansai ta tsaya da almakashi a hannu. Ta juya maganar ta kowane gefe, irin juyawar da Inna za ta yi mata da tana iya magana, ba ta ga inda dokar ta karye ba. Yadi ne mai kyau, mai shi za ta iya sa shi, kuma da hannunta ta bayar.

Ta ajiye almakashin ta karɓa da hannu biyu. Ta warware shi, 'ya'yan kanumfari biyu suka faɗo a kan tabarma. Ta ɗaga kan Inna a hankali ta ɗaura mata, ta gyara bakin a goshi yadda takan ɗaura nata in za ta zauna gaban tanda.

Da maza suka ɗauki makara suka fita, mata suka koma tsakar gida, Hansai ta zauna ita kaɗai a ɗakin. Ta tsince kanumfarin nan biyu daga kan tabarma, ta riƙe su a tafin hannunta, tana jin takun mutane yana nisa a layin.