Wadda Baba Ya Nuna

Dakta, haka gidan duka ke kiranta tun da ta gama karatun ilimin harshe, ta iso ɗakin mahaifinta ranar Asabar da katuna masu hotuna a jaka. Wata uku ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ta kwashe masa kalmomi. Ta ce ta zo ne ta ga nawa suka rage. Ƙarya take, kalma ɗaya tak ta zo nema.

Matar ƙaninta na durƙushe gaban gado tana matse tawul. Ita ke jinyar, ita ke juya shi, ita ta san cokalin da bakinsa ke karɓa.

"Sannu da zuwa, Yaya."

Dakta ta amsa a daƙile. Tun daga bakin ƙofa ta ga idon tsohon na bin matar nan duk inda ta gifta, kishi kuwa ya turnuƙe ta, har ta ji kunyar kanta.

Shekara goma sha biyu tana koyar da ɗaliban jami'a yadda ma'ana ke zaune a ƙwaƙwalwa. A wajenta kowace kalma sharuɗɗa ce a jere, abin da ya cika su ya shiga, wanda bai cika ba ya tsaya waje. Wasu masanan na cewa a'a, kowace kalma da misalin da ke tsakiyarta, sauran kewaye da shi suke, wani kusa wani nesa. Su kam ta sha yi musu kaca-kaca a taro.

Ta ɗaga katin farko, hoton kujerar roba.

"Baba, mene ne wannan?"

Ya girgiza kai.

"Kujera ce, Baba."

Ya sake girgiza kai, ya ɗaga hannun mai lafiyar ya nuna tsohuwar kujerarsa ta katako da ke gindin taga. "Kujera," ya ce, tar da shi.

Misalin tsakiya ke nan, irin na masanan da take yi wa kaca-kaca. Ta tura sauran katunan jaka, ta matso har gwiwarta na taɓa gado. Ai lissafin ba wuya: mutum, mace, wadda ka haifa. Duk duniya ita kaɗai ta cika sharuɗɗan nan.

"Baba, ina 'yarka?"

Ko jinkiri bai yi ba. Hannun ya tsallake kafaɗarta, ya tsaya kan mai matse tawul.

"Kai, Baba!" in ji matar ƙanin, tana dariyar dole. "Yaya, kada ki sa a ranki, ruɗewa yake yi. Jiya ma..."

"Ba ke na tambaya ba."

Da ma ta bari a nan, amma ina, kishi ba ya barin mutum ya yi shiru. Ta dafa ƙirjinta.

"To ni fa, Baba? Ni wace ce?"

Ya daɗe yana kallonta, yana laluben kalmar. Sai fuskarsa ta washe, ya samo.

"Baƙuwa," ya ce da fara'a. Ya juya wajen matar ɗansa. "Ba ta ruwa."

Matar ta fita kanta a sunkuye. Ta dawo da kofi a kan faranti, ta durƙusa ta miƙa, tsohon na kallo ya ga ko an karrama baƙuwarsa. Dakta ta sa hannu biyu ta karɓa.