Takwas ɗin da ta koma shida

"Linda, ɗaga min labulen nan, wa ke cikin itatuwana?"

Na ajiye kwanon romo na ɗaga. Baba Abilio maƙwabcina ne shekara talatin, kuma satinsa uku ke nan bai iya ko juyawa da kansa. Ɗansa Gaspar ne a waje da wani ma'aikaci mai farar riga, wanda aka kawo ya yi wa dajin kuɗi.

Mu nan yankin Alentejo da ɓawon itacen sobreiro muke cin abinci, shi ake yin toshiyar kwalba da shi. Sai ya shekara tara ake ɓare shi, a shafa lambar ƙarshe ta shekarar da aka ɓare da farin fenti a jikin itacen. Na Baba duk takwas ne a jikinsu, saura shekara biyu. Amma ranar, kowanne shida na gani. Gaspar ya bi ya kankare, ya sake fenti, don a ce bana suka isa ɓarewa. Tir!

Shi kuwa mai farar rigar ko taɓa itace bai yi ba. Hoto kawai yake ɗauka yana kaffa-kaffa da takalminsa.

Da Gaspar ya shigo, tsohon ya ce, "Kai, ɓawon bai nuna ba. In kun ja shi yanzu da naman itacen zai fito."

"Baba, takarda ta ce ya nuna. Ka huta kawai."

"Takardar ce ta shuka su?"

"Gwaggo Linda, ba shi romonsa mana, surutu na ƙara masa ciwo."

Wallahi ji na yi kamar in watsa masa romon a fuska. Amma sai na ɗauki kwanon na ba tsohon romonsa, kuma har yau ina jin ƙyamar kaina.

Bayan ya fita Baba ya kama hannuna. "Ke kin san takwas ce. Ki faɗa musu."

Na ce to. Ban faɗa ba. Mijina na cikin waɗanda Gaspar ya ɗauka aikin ɓarewar.

Ranar Talata Baba ya cika. Ranar Alhamis, muna dawowa daga maƙabarta, har an fara ɓarewar. Mijina na tsaye gindin babban itacen bakin hanya, gatari a hannu. Ɓawon ya ƙi sakuwa, sun finciko shi da ƙarfi, jikin itacen ya yage yana tsattsafo ruwa. Mijina ya ɗago ya gan ni cikin baƙaƙen kaya, ya cire hularsa, ya sake mayar da ita.